Lafiyayyen Idon Malam

Ƙauran Namoda,
27 ga Maris, 2000.

Zuwa ga Yayata Rekiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da Alhaji da yara da duk mutanen Maraɗi. Yaya aka ji da hidimar Sallah? Ƙafar taki ta daina kumburi kuwa? Mu nan sai godiya, in ban da zafi da ke neman gasa mu.

Kada ki yi mamakin ganin na rubuta Ƙaura a sama. Kin dai san halin ƙaninki Likita. Tun da aka ba mu jiharmu ta Zamfara ya ɗora wa kansa aikin da ba wanda ya sa shi. Duk shekara sai ya kwaso ɗalibansa na jami'a, masu karatun likita 'yan aji biyar, ya kawo su Ƙaura da Shinkafi da Zurmi su ga idon talaka. Ƙorafinsa kullum ɗaya ne, wai 'yan makonni kawai jami'a ta ware wa ido, alhali yaran nan in sun gama garuruwanmu za a turo su, inda babu likitan ido ko ɗaya.

Bana har da ni aka zo, kuma ba girki aka kawo ni yi ba. Bari ki ji. Akwai wata 'yar fitila da suke leƙa cikin ido da ita, sai mai dubawa ya matso har goshinsa ya kusa taɓa naki. Abin da suke nema can ƙarshen ido shi ne kan jijiyar gani. In lafiyayye ne, ja-ja yake, da ɗan lotsi a tsakiya. In mutum na da hawan jinin ido, lotsin sai ya yi ta faɗi yana fari kamar cikin ƙoƙo, gani yana zarewa ta gefe-gefe, ba zafi ba ƙaiƙayi, har ranar da zai ɗauke gaba ɗaya. Kin ga ni ma na zama rabin likita.

To al'adarsa tun da ya fara koyarwa, ranar farko shi yake zama a kujera, yara su yi layi suna leƙa nasa idon. Sai ya ce musu su kalla da kyau su haddace, wannan shi ne lafiyayyen ido, duk wanda suka ga ya saɓa da shi su kira shi. Yana alfahari da idon nan, wai tun yana ɗalibi a Zariya malamansa suka yaba shi.

Amma yanzu da aka soma Shari'a, dattawan asibitin nan suka ja shi gefe suka ba shi shawara, cewa ba zai yi kyan gani ba a ga 'yan mata goshi da goshi da namiji, ko da malaminsu ne. Bai yi gardama ba. Ya raba aikin, maza su duba maza, mata su duba mata. Sai ya rasa idon da 'yan matan za su koya da shi, shi ne ya tuna yana da mata a gida. Ya ɗiga mini wani magani da ya buɗe mini ƙwayar ido, na wuni ko tsintar shinkafa ba na iyawa, 'ya'yan mutane suna ta huro mini numfashi suna ba ni haƙuri. Akwai wata Saudat a cikinsu, ɗiyar mutanen Banga, 'yar gajeruwa mai ɗan karen surutu. Ita ta fi daɗewa a kaina, har na tambaye ta ko gona za ta saya a ciki.

Duk wannan raha ce, Yaya. Abin da ya sa na ɗauki biro daban ne, kuma ke kaɗai zan iya gaya wa. Ban gane kan mijina ba kwanan nan. Ya goge mota da ginshiƙin ƙofar gida. Buta kuwa in an ajiye masa sai ya yi ƙwallo da ita. Wanda ya fi ci mini rai, sai in shigo in tsaya gefensa da abinci a hannu, ya ci gaba da karatunsa kamar babu mutum a ɗakin, sai na yi gyaran murya ya yi firgigit. Kin san bakina, na gaya masa in ya gaji da ni ne ya faɗa, tashar motar Shinkafi ba ta ɓace mini ba. Dariya ya yi, ya ce gajiya ce. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Ki sa mu a addu'a.

Ki gaida Alhaji da yara. Amina na gaida Innarta.

Ƙanwarki,
Hannatu.


Zurmi,
18 ga Afrilu, 2000.

Yaya Rekiya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Na ga saƙonki da turaren da kika aiko ta hannun Dogo direba, Allah ya bar zumunci. Kin ce in rage baki, in bi shi a hankali. Kaico, da shawarar taki ta zo da wuri. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa.

Tun a Ƙaura wani abu ya fara ba Likita mamaki. 'Yan mata suna ta tsinto masu hawan jinin ido a cikin tsofaffin mata, in ya duba kuma sai ya tarar gaskiya ne. Maza kuwa shiru, ko mutum ɗaya ba su kawo masa ba. Da farko zolaya ya mai da abin, yana ce musu mata sun kayar da su. Da muka je Shinkafi abin bai canza ba, sai ya fara fushi, yana cewa ragwaye ne, ba a taɓa ba shi aji irin wannan ba.

Ranar da muka fara aiki a nan Zurmi aka kawo wani dattijo a keken shanu, Malam Gwadabe. Kukansa shi ne yana taka shuka a gonarsa bai sani ba, akuya ta wuce ta gefensa sai dai ya ji motsinta. Wanda ya duba shi wani yaro ne Mujahid, shi ne mafi ƙoƙari a cikin mazan, ga ladabi ga natsuwa. Ya leƙa, ya ce idon lafiya lau, ya ba shi maganin ƙaiƙayi ya sallame shi. Dattijon zai fita ke nan ya buga kafaɗa da ƙyaure, daidai lokacin da Likita yake shigowa. Sai ya maido shi kujera ya ɗauki fitila da kansa.

Ina baranda tare da mata na jiyo muryarsa. Tun da na aure shi ban taɓa jin ya ɗaga murya haka ba. Na taso na tsaya bakin ƙofa. Yana ce wa Mujahid makaho ma ya ga wannan ciwon, saura ƙiris mutumin nan ya rasa idonsa duka, da wane ido ya duba shi? Da ƙyar yaron ya buɗe baki ya ce, "Wallahi Malam na duba da kyau. Irin naka ne sak, shi ya sa na sallame shi."

Likita ya juya ga sauran mazan ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sunkuyar da kai, ba wanda ya ƙaryata Mujahid. Can sai ya ce in kira masa Saudat. Ya zauna a kujerar da dattijon ya tashi, ya ce ga matarsa nan tsaye shaida, ta leƙa idonsa ta faɗi abin da ta gani. Yarinyar nan mai bakin tsiya ta leƙa na dama, ta leƙa na hagu, ta koma na dama. Ta ajiye fitilar a hankali, ta dube ni, sai kawai ta toshe baki da mayafi ta fita da gudu.

Kin gane ko? Nawa idon lafiyayye ne, shi 'yan mata suka haddace. Nasa kuwa ya daɗe da lalacewa, shi maza suka haddace a matsayin lafiyayye. Shi kaɗai ne likitan ido a wurin aikinsu, yana duba na kowa, ba mai duba nasa. Karatu kuma da tsakiyar ido ake yi, ita ce ba ta taɓu ba tukuna.

Likita ya gyara rigarsa, ya zauna ya yi wa Malam Gwadabe bayanin ciwonsa da abin da ya rage a yi. Dattijon da ya ji duk abin da ya faru, sai ya laluba ya kama hannunsa ya ce, "Ashe ciwonmu guda, Likita. Allah shi ba mu lahiya." Bayan nan ya sa aka dawo da duk mazan da aka sallama tun safe, ya duba su da kansa har la'asar, bai ci komai ba.

Ni kuwa bayan asibiti na zagaya na yi kuka har na gode Allah. Wata da watanni ina yi wa bawan Allah gori, ina cewa ya daina kula ni, ashe ba ya ganina ne in na tsaya a gefe. Zuciyata ta karye, Yaya, ban san da wane baki zan ba shi haƙuri ba.

Jibi za mu maida yara jami'a, daga nan mu wuce Kaduna wurin wani abokin karatunsa. Kada ki gaya wa Inna tukuna.

Taki,
Hannatu.


Sakajiki,
30 ga Yuli, 2000.

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Yaya damina a wajenku? Nan ruwa ya zauna, gero har ya rufe kaza. Yaya Alhaji da jikin tsufa, ko har yanzu yana musun ya tsufa? Na gode da addu'o'inki da rubutun sha da kika aiko, yana sha. Ki yafe mini shirun da na yi, hannuna ne ya ƙi biro.

Ga abin da aka ce a Kaduna. Idon dama ya riga ya tafi, abin da ya saura bai taka kara ya karya ba. Na hagu an yi masa aiki don a rage hawan, an kuma ɗora shi kan maganin ɗigawa har ƙarshen rayuwa. Da shi yake gani yanzu, kamar mai leƙe ta kafar ƙyaure. An hana shi tuƙi, an hana shi yi wa mutane aikin ido. Ranar da ya tattara kayan aikinsa ya ba asibiti, wanka ya shiga ya daɗe, na san ba wanka yake yi ba.

Mun zo Sakajiki gidansu ne wai ya huta. Ina hutu! Na zaci idonsa zai yi wa baƙin ciki, ashe ba shi ne ya fi cin sa ba. Abokin nasa ya ce ciwon ya yi shekaru yana ci. Shi ne Likita ya zauna yana tuna azuzuwan da suka leƙa idon nan suka tafi da shi a ka, yanzu suna asibitoci ana kai musu iyayen mutane. Ya ce in bai bi su ya warware abin da ya ƙulla ba, ba zai iya haɗiye tuwo ba. Wanda ke nesa ya aika masa, na kusa kuwa muka ɗauki direba muka bi su, cikin taɓo da rafuka, mota na kafewa ana turawa.

A Shinkafi muka sami Dokta Mubashir, wanda ya taɓa kawo mana zabi lokacin sunan Amina, kya tuna shi. Likita ya zauna a kujerar marasa lafiya a ofishinsa, ya miƙa masa fitila, ya ce ya sake leƙawa, wannan karon ya haddace shi a matsayin mataccen ido. Babban mutum da gemunsa ya durƙusa yana hawaye. Ya ce Allah kaɗai ya san yawan masu irin wannan idon da ya ce wa su je gida lafiyarsu ƙalau. Ni da na san rabin tsofaffin garin nan, sai na kama lissafa makafin unguwarmu a zuci, na rasa inda zan sa kaina.

Wanda ya ƙona mini rai kuwa wani tsohon ɗalibinsa ne a Ƙaura, ba zan rubuta sunansa ba. Shi cewa ya yi tun yana ɗalibi ya ga idon bai yi kama da na littafi ba, har sun yi ƙus-ƙus da abokansa a ɗakin kwana. Amma wai ina shi ina ce wa Malam idonsa ba lafiya, bayan Malam da bakinsa ya ce lafiyayye ne? Wai kunya da girmamawa. Yaya, na manta da shawararki. Na ce masa girmamawar tasa ta ci ido ɗaya da rabi, ya je ya ji daɗinta. Likita ne ya riƙe mini hannu, ya ce in bar shi, haka aka tarbiyyantar da su, shi ma da haka ya taso gaban malamansa.

Mujahid ya zo har nan gaishe shi, ya rame, yana ganin kamar shi ya jawo. Likita ya sa aka yanka masa kaza, ya ce da Mujahid bai yi maganar nan ba, da yanzu shi Likita sanda ce a hannunsa. Na bi yaron har bakin hanya na yi masa godiya.

Yanzu kina iya gaya wa Inna, amma ki sassauta. Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki mai kewarki,
Hannatu.


Ƙauran Namoda,
9 ga Afrilu, 2001.

Zuwa ga Yaya Rekiya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ki da Alhaji da yara. Na ji an sa ranar Hamida, Allah ya sa albarka, ya nuna mana lokacin. In ban zo da wuri ba kada ki yi fushi, za ki ga dalili.

Mun sake dawowa Ƙaura da sabon aji. Jami'a ta so ta sauke masa wannan tafiyar, ya ƙi. Yanzu kujera biyu ake ajiyewa ranar farko. Ni ce lafiyayyen ido, na kowa da kowa, don ya ce da mijina zaune kusa da ni ba abin da wani zai ce. Shi kuma shi ne mai ciwo. Da bakinsa yake ba su labarin abin da ya faru a Zurmi, ba ya rage komai, sa'an nan ya roƙe su don Allah kowa ya faɗi abin da idonsa ya gani, ba abin da aka ce masa zai gani ba.

Kin san me suke ce masa in sun leƙa? Da sauƙi, Malam. Allah ya ƙara sauƙi, Malam. Har abokin nasa na Kaduna, da muka koma bayan azumi, kafaɗarsa ya dafa ya ce a ci gaba da magani, akwai sauƙi in sha Allah. 'Yan'uwansa na Sakajiki kuwa cewa suke idon garau, kamar ba shi ba. Ban ga laifinsu ba, haka muke gaida mara lafiya tun kakanni. Amma shi yana ji a jikinsa kafar da yake leƙe ta cikinta tana ƙara tsukewa, ya rasa mai gaya masa gaskiya.

Shi ne wata safiya bayan karin kumallo ya miƙo mini fitilar. Ya ce duk duniya ni kaɗai ce ban taɓa raga masa ba, don haka ni zai koya wa. Na ce ban iya ba, ya ce ba a haifi kowa da iyawa ba. Yaya, malami ne na gaske. Ya koya mini yadda zan riƙe, da inda zan dafa, da yadda zan bi jijiyar jini har ta kai ni wurin. Na yi makonni ba na ganin komai sai jan haske, yana haƙuri da ni, yana tsokanata wai ya taɓa samun daƙiƙai amma ban da irina. Ranar da na fara ganin wurin na yi ihu, har Amina ta shigo da gudu. Rabon da mu yi dariya irin ta ranar har na manta.

Na dama fari ne fat, ba abin kallo. Na hagu akwai ɗan ja da ya rage ta gefen hanci, shi ne duk abin da yake gani da shi. Ya ce in riƙa duba masa duk Juma'a. Ya ce abu ɗaya zan kula da shi: in na ga ɗan jini siriri kamar ƙaya a bakin wurin, to maganin ya gaza, ciwon ya ci gaba da tafiya. Ya sa na yi masa alkawarin zan gaya masa in na gani.

Juma'ar da ta wuce, da hantsi, ya yi wanka ya sa fararen kaya zai tafi masallaci, ya zauna bakin gado ya ce in zo mu yi aikinmu. Na rufe taga, na durƙusa, na dafa goshinsa. Ban ko sha wahalar nema ba. Ɗan jinin yana nan kwance, ja wur.

Na daɗe ban ɗago ba, ina yi kamar ban gama ba. Wallahi Yaya, kalmar nan ta zo mini har kan harshe. Da sauƙi. Ba abin da ya fi ta sauƙin faɗa, kuma da ya tafi masallaci da farin ciki. A lokacin na yafe wa likitan nan na Ƙaura da na zaga bara, don na ɗanɗani abin da ya ji. Likita yana jira, numfashinsa na sauka a kumatuna.

Na ce masa akwai jini, ta sama, wajen hanci, kuma jan ya fi na watan jiya sirancewa. Ya tambaye ni tsawonsa, da inda ya nufa, kamar yana yi wa ɗalibi jarrabawa, ina amsawa hawaye na zuba a kan farar rigarsa. Da na gama sai ya gyaɗa kai ya ce madalla, haka ake duba ido. Sa'an nan ya ce in kashe fitilar in buɗe taga, in dawo in zauna daidai gabansa, kada in motsa. Ya riƙe fuskata da hannu biyu yana kallo, daga goshi zuwa haɓa, a hankali, don ba ta shiga masa gaba ɗaya sai kaɗan-kaɗan. Har aka yi kiran salla bai sake ni ba.

Gobe za mu koma Kaduna, ko da abin da za a iya. Ya ce ranar Litinin dole mu dawo, yara na jira a Zurmi.

Ki yi mana addu'a, Yaya, ki kuma sa a yi mana. Ki gaida Alhaji, ki shafa mini kan amarya.

Taki har abada,
Hannatu.